Idan Hukuma Ta Zo Ɗaukar Yaro: Ina Haƙƙin Iyayen da Aka Yi wa Ƙazafi?

Baban Ilham, Gwammaja

Assalamu alaikum, 'yan uwa. A watan Mayun 2023, ana saura kwanaki kaɗan ya sauka daga mulki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sanya hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Kano, shekara 20 bayan gwamnatin tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Da yawa daga cikinmu mun yi maraba da ita, domin duk mai zama a garin nan ya taɓa ganin yaron da ake gallaza wa, ko a gidan maƙwabta, ko a tasha, ko a bakin kasuwa. Sai dai muhawarar da aka daɗe ana tafkawa kafin a yi dokar ta fi karkata ga shekarun aure da batun almajirci, aka bar wata tambaya wadda ni ta fi damuna: ranar da jami'i ya yi sallama a ƙofar gidan mutum ya ce an kai ƙara cewa ana cutar da yaro, don haka zai tafi da shi, me ya rage a hannun uba da uwa idan ƙarar nan sharri ce?

Abin da na tsaya a kai shi ne, raba yaro da iyayensa cutarwa ce mai zaman kanta, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Yaro ɗan shekara biyu da aka ɗauke wata shida, kotu za ta iya wanke uwarsa daga baya, amma babu alƙalin da zai mayar musu da watannin nan. Saboda haka bai kamata a ɗauke yaro ba sai haɗarin barinsa ya fi haɗarin ɗauke shi, kuma wanda zai auna wannan ya zama ba shi ne wanda ya kawo zargin ba. Ina roƙon lauyoyi da likitoci da malamai da ke cikinmu su ba mu haske, tun aikin dokar bai yi nisa ba.

Antin Marayu, Tarauni

Wa alaikumus salam. Baban Ilham, na yi aikin walwalar jama'a har na yi ritaya, kuma ina so in faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ciwon da ke damun mu a nan ba wuce gona da iri ba ne, rashin zuwa ne gaba ɗaya. Na sha karɓar rahoton yarinyar da ake azabtarwa alhali babu mota, babu kuɗin mai, sai dai in biya ɗan sahu daga aljihuna, in je mai gidan ya tare ni a zaure ya ce 'yarsa ce, ina ruwana. A 2020 aka ceto wani yaro a Birnin Kebbi wanda ya yi kusan shekara biyu a ɗaure cikin dabbobi a gidan mahaifinsa. A 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara ne, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. A duk waɗannan akwai mutanen da suka sani suka yi shiru. Tsorona shi ne kada irin wannan magana ta ƙara wa maƙwabta hujjar yin shiru, su ce ai ka ga, kai ƙara ma zalunci ne.

Baban Ilham, Gwammaja

Anti, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba, kuma Allah ya saka miki da alheri a kan wahalar da kika sha. Amma hukumar da ba ta da mota ita ce kuma ba ta da kuɗin bincike, ita ce wadda ba ta motsawa sai bidiyo ya zaga Facebook da TikTok mutane sun fara zagin gwamnati. A ranar da ta motsa kuwa, za ta zo ne a fusace tana neman wanda za ta nuna wa jama'a, kuma a irin wannan rana ake yi wa mara laifi aika-aika. Rashin zuwa da zuwa da gaggawa duk daga rauni ɗaya suke fitowa.

Abu Maryam, Hotoro

Na zauna a Ingila lokacin karatu, kuma tarihinsu ya nuna cewa kuɗi da ilimi ma ba sa hana wannan kuskure. A 1987, a yankin Cleveland da ke arewa maso gabashin ƙasar, cikin watanni kaɗan aka raba yara 121 da iyayensu bisa zargin lalata, mafi yawa a kan binciken likitocin yara biyu da ke aiki a wani asibiti a Middlesbrough, waɗanda suka dogara da wani gwajin jiki da daga baya aka gane ba ya isa hujja shi kaɗai. Akwai yaran da aka kai asibiti don wata larura daban, iyaye suka koma gida babu su. Daga ƙarshe aka mayar da mafi yawansu gidajensu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Elizabeth Butler-Sloss ya fitar da rahoto a 1988, kuma yana cikin abubuwan da suka yi tasiri a dokar yara ta 1989. Kafin dokar, ana iya riƙe yaro har kwana 28 da takardar gaggawa. Dokar ta rage shi zuwa kwana 8, da damar ƙarin 7, ta kuma ce ɗan sanda ba zai riƙe yaro fiye da awa 72 ba sai da izinin kotu.

Duk da haka, a watan Fabrairun 1991 jami'ai suka dira da asuba a ɗaya daga cikin tsibiran Orkney na Scotland suka kwashe yara tara daga gidaje huɗu bisa zargin tsafi da lalata. Alƙalin da ya duba shari'ar ya yi watsi da ita, ya soki yadda aka riƙa matsa wa yaran da tambayoyi ana sa musu magana a baki.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Sally Clark, wata lauya da jariranta biyu suka rasu, ɗaya a 1996, ɗaya a 1998. An ɗaure ta a 1999 bayan wani babban farfesan likitancin yara, Roy Meadow, ya faɗa wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a irin gidanta ɗaya ce cikin miliyan 73. Masana ƙididdiga suka fito suka ce lissafin kuskure ne, sannan aka gano akwai sakamakon gwaji da ke nuna ƙwayoyin cuta a jikin jariri na biyu wanda ba a nuna wa kotu ba. Aka sake ta a 2003, ta rasu a 2007 ba ta taɓa komawa daidai ba. Uwa ce da ta binne 'ya'ya biyu, aka ce ita ta kashe su.

Likitan Yara, Nassarawa

Bari in ɗora a kan maganar Abu Maryam daga ɓangarenmu, domin sau da yawa takardar likita ce take ɗaure mutum ko ta kwance shi. Akwai abubuwan da suke kama da duka alhali ba duka ba ne. Jariranmu baƙaƙen fata da yawa ana haifarsu da wani tabo shuɗi-shuɗi ko ruwan toka a ƙasan baya da ɗuwawu, wanda duk wata ungozoma ta san shi, ba ya zafi idan an danna, ba ya canza launi cikin mako kamar yadda kwanciyar jini take yi, sai dai ya dushe a hankali yayin da yaro yake girma. Wanda bai saba ganin fatarmu ba yana iya rubuta shi a matsayin shaidar duka, kuma hakan ya sha faruwa da baƙi a Turai. Yaro mai sikila yana iya tashi da hannu da ƙafa a kumbure yana tsala ihu kamar an murɗe su. Mai cutar rashin daskarewar jini, ɗan bugun da wani ba zai ji ba sai ya bar masa shati. Akwai masu gadon raunin ƙashi da suke karyewa a wajen sa riga. Ciwon laushin ƙashi kuwa, wanda yake sa ƙafar yaro ta gwame ko ta yi baka, yana nan a arewacin Najeriya, kuma binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a wajenmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci yana cikin manyan dalilansa. A Landan an tuhumi wasu matasan ma'aurata da kashe jaririnsu da ya rasu a 2009 saboda karayar da aka gani a jikinsa, aka karɓe 'yar da suka haifa daga baya tun ranar haihuwa, sai a ƙarshen 2011 aka wanke su bayan an tabbatar yana da wannan ciwo mai tsanani, aka mayar musu da 'yarsu a 2012.

Sai kuma aikin wanzami. Shatin ƙaho da sakiya da tsaga suna iya zama abin da likita zai yi wa iyaye faɗa a kai, ni ma ina yi, musamman a kan cire beli, amma wanda ya yi su don neman magani daban yake da wanda ya yi don mugunta, kuma rahoto ya kamata ya bambance.

Kada a ɗauka ina cewa ba a gane duka. Ana ganewa. Jaririn da bai fara rarrafe ba idan aka ga kwanciyar jini a kunnensa ko a kan tumbinsa, dole a tsaya a yi tambaya. Ƙunar da aka tsoma yaro da gangan takan yi iyaka a miƙe a kewaye da hannu ko ƙafa, ita kuwa ta tsautsayi takan fantsama, ta fi tsanani a inda ruwan ya fara sauka, ta yi ta raguwa zuwa ƙasa. Abin da nake nema shi ne kada rahoton likita ɗaya, wanda wataƙila ya duba yaron da tsakar dare bayan ya ga marasa lafiya fiye da ƙima, ya zama shi ne ƙarshen magana. A yi hoton ƙashi, a auna jini, a bai wa iyaye damar kawo likita na biyu.

Maman Sadiq, Kurna

Likita, bayanin ƙunar nan ya tuna mini da abin da ya faru da maƙwabciyata. Ta auri mutum ta tarar da 'ya'yan matar da ya saki, tana riƙonsu tare da jaririnta na goye. Wata safiya ƙaramin, wanda bai wuce shekara huɗu ba, ya jawo butar shayi daga kan kurfoti ta zubo masa a kafaɗa da ƙirji. Da idona na ga ta fito da shi a guje ko mayafi babu. Kafin la'asar dangin uwar yaron sun ɗauki hotonsa a gadon asibiti sun sa a intanet cewa kishiyar uwa ta ƙona maraya da ruwan zafi, alhali uwarsa tana raye. Da daddare aka zo aka tafi da ita, aka bar jaririn a hannunmu. Ya ƙi karɓar madarar gwangwani, muka kwana muna jijjiga shi. Da na kai mata abinci washegari na same ta a zaune a ƙasa, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono, abin da kawai take tambaya shi ne ko ya sha wani abu.

Bayan 'yan kwanaki likita ya rubuta cewa ƙunar ta yi daidai da abin da ta faɗa, yayar yaron ma ta ba da shaida, aka sake ta. Amma waɗanda suka yaɗa hoton babu wanda ya koma ya rubuta cewa an wanke ta. Tana sayar da zoɓo da ƙanƙara, mata suka hana 'ya'yansu zuwa saye. Mijin ya kasa jure surutu ya tashi daga unguwar. Har yau idan aka ambace ta sai wata ta ce wai wadda ta ƙona yaro.

Malam na Ƙofar Na'isa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya Maman Sadiq, wannan shi ne abin da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi gargaɗi a kai, cewa idan fasiƙi ya zo da labari a yi bincike, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Ƙa'idar shari'a sananniya ce: mai da'awa shi zai kawo hujja, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Kuma Tirmizi ya ruwaito gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama.

Abin da nake so masu aiwatar da doka su lura da shi shi ne cewa fiƙihunmu na Malikiyya bai bar wannan fage a buɗe ba. Babin reno ya jera waɗanda suka cancanta bi da bi: uwa, idan ta faɗi a kan sharuɗɗa sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar uwar uwa, a haka har a gangaro ɓangaren uba, kuma an sharɗanta hankali da amana da iya kulawa da amincin wurin zama. Wato ko an tabbatar uwa ko uba ba su dace ba, yaro ba ya zama na gwamnati, yana komawa ga na gaba a danginsa. Gidan yara irin na Nassarawa an yi shi ne don wanda ba a san nasa ba, kuma ma'aikatansa suna ƙoƙari, amma bai kamata ya zama wurin farko da za a kai yaron da kakarsa take raye a Fagge ko a Dala ba.

Ummu Hafsa, Sharaɗa

Allah ya gafarta Malam, ina da ja a wurare biyu, kuma ina neman afuwa idan na yi tsauri. Na farko, yarinya 'yar shekara uku da ake cutarwa a cikin ɗaki a ina za ta samo hujja? Wanda ake zargin shi ne mai ciyar da ita, shi ne mai magana da yawunta, duk shaidun kuma a ƙarƙashinsa suke ci. Idan aka ce sai hujja ta cika kafin a taɓa ta, to an bar ta a hannunsa har ranar da hujjar za ta zama gawa.

Na biyu, dangi ba kullum suke zama mafaka ba. Victoria Climbié 'yar Kwaddibuwa ce, iyayenta suka ba wata 'yar uwarsu riƙonta don ta yi karatu a Turai, irin riƙon da muke yi a nan kullum. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara takwas, aka ƙirga raunuka 128 a jikinta, bayan likitoci da 'yan sanda da jami'an walwala duk sun gan ta sun yarda da bayanin mai riƙonta. Mu ma a nan, wa ya fi 'yar riƙo da 'yar aiki shan wuya? Kuma sau nawa dangi suke taruwa su ce a rufa asiri, a mayar da yarinya gidan da aka lalata ta don kada sunan gida ya ɓaci?

Malam na Ƙofar Na'isa

Malama Ummu Hafsa, babu tsauri a maganarki, tambaya ce ta ilimi. Hukunta wanda ake zargi daban, kare yaro kafin a gama bincike daban. Na farko yana buƙatar hujja cikakkiya. Na biyu alama mai ƙarfi ta isa alƙali ya ajiye yaro a hannun amintacce na ɗan lokaci, kuma shari'a ta san aiki da alama, domin a Suratu Yusuf da yagewar riga ta baya aka gane mai gaskiya. Abin da na ƙi shi ne a mayar da matakin wucin gadi ya zama hukunci, yaro ya yi shekara a wani wuri ba a kira iyayensa gaban alƙali ba. Game da dangi kuwa, sharaɗin amana yana kan kowa. Kakar da za ta mayar da yarinya ga wanda ya cuce ta ta faɗi a kan sharaɗin, sai a wuce ta. A fara dubawa cikin dangi, a bincike su kamar yadda za a binciki bare, a kuma riƙa komawa ana duba yaron.

Barista, Zoo Road

Abin da Malam ya faɗa ya yi daidai da rubutacciyar doka. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ya kuma ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar. Sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin birnin Kano babu inda bai cika wannan ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya a sashe na 14 ta ce yaro yana da haƙƙin kulawar iyayensa, ta kuma tanadi kotun iyali, ta hana bayyana sunan yaron da maganarsa take gabanta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ce a sashe na 9 ba a raba yaro da iyayensa ba da son ransu ba sai da matakin da kotu za ta iya dubawa. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta yanke a 1982 cewa ba a yanke alaƙar iyaye da ɗansu sai da hujja bayyananniya mai gamsarwa, kuma tun 1978 suka yi dokar da ta ce yaran 'yan asalin ƙasar a fara neman danginsu kafin bare, bayan an daɗe ana kwashe su.

Ga wanda abin ya faɗa wa, shawarata ita ce kada ya yi faɗa da jami'i, kada kuma ya ɓoye yaro ko ya gudu da shi, domin wannan yakan zama hujja a kansa. Ya nemi sanin sunan jami'in da ofishinsa da takardar da ya zo da ita, ya kira mai unguwa ya shaida, ya tambayi inda za a kai yaron. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Ya adana katin asibiti da katin rigakafi da takardun magani. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Legal Aid Council ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Iyaye kuma su sani cewa sashe na 55 na kundin hukunta laifuffuka, wato Penal Code, wanda ya yarda da horon gyara, bai yarda da abin da ya kai ga mummunan rauni ba. Wanda ya karya hannun ɗansa ba zai fake da tarbiyya ba.

Abu Maryam, Hotoro

Akwai wani ɓangare da ya shafi 'yan uwanmu da ke ƙaura da iyalansu. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sami Norway da laifi a 2019 a shari'ar Strand Lobben, saboda an ba da ɗan wata mata ga wasu har abada ba tare da an auna da gaske ko za a iya mayar mata da shi ba. A watan Disambar 2021 ta sake samun ta da laifi a shari'ar wata 'yar gudun hijirar Somaliya, Musulma, wadda aka karɓe ɗanta yana ɗan kimanin shekara ɗaya, daga baya aka mallaka shi ga wasu Kiristoci aka yanke alaƙarsa da ita. Matar ba ta ma nemi a dawo mata da shi ba a ƙarshe, abin da ta roƙa shi ne a bar ta tana ganinsa, ya san asalinsa da addininsa. Ita kuwa Ostireliya sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar a kan yaran da aka yi shekaru ana ƙwacewa da sunan ceto.

Amma ina jan kunnenmu a kan bidiyoyin da suka yaɗu a 2022 cewa Sweden tana sace 'ya'yan Musulmi. An cakuɗa koke na gaskiya da ƙarya mai yawa, kuma illarsa ita ce iyaye suka riƙa tsoron kai yaro asibiti ko neman taimako. Wanda zai tafi can ya sani cewa dukan yaro haramun ne a dokarsu tun 1979, komai ƙanƙantarsa.

Antin Marayu, Tarauni

Na karanta duka, kuma labarin Maman Sadiq ya sosa mini rai, domin na san irinsa. Na ga matar da ta kitsa wa tsohon mijinta zargi don a hana shi ganin 'ya'yansa, na ga mijin da ya yi wa matarsa haka don ya ƙwace su ba tare da biyan kuɗin ciyarwa ba. Amma ina jin wasu suna cewa a riƙa ɗaure duk wanda ƙararsa ba ta tabbata ba, kuma wannan ba zan goyi bayansa ba. Malamar makarantar da ta ga shati a bayan ɗalibarta, idan ta san za a iya juyowa kanta, ba za ta buɗe baki ba. Garin neman gira za mu rasa ido.

Barista, Zoo Road

Anti, doka ta riga ta bambance su. Wanda ya faɗi abin da ya gani da zuciya ɗaya, bincike ya nuna ba haka ba ne, babu laifi a kansa, kuma ya kamata a ɓoye sunansa daga wanda ya kai ƙara. Wanda ya san ƙarya ce ya kai wa jami'in gwamnati don ya cutar da wani, Penal Code ta tanadi hukuncinsa, haka ma ɓata suna. Inda nake da ra'ayi mai ƙarfi shi ne kada hukuma ta karɓi ƙarar da ita kanta ba ta san mai ita ba har ta ɗauke yaro a kanta. Jami'i ya san wanda ya kira, ya tambaye shi alaƙarsa da gidan, ya rubuta idan akwai shari'ar saki ko ta gado a tsakaninsu. Wannan ba ya hana bincike, yana dai nuna wa mai binciken inda zai taka a hankali. Kuma wanda aka wanke a ba shi takarda a hannu mai hatimi, ya kai wa mai unguwa da limami.

Baban Ilham, Gwammaja

Tunda ƙa'idojin aiki ne suke nuna yadda doka za ta kasance a ƙofar gida, ina ganin mu rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Harkokin Mata da kwamitin da abin ya shafa a Majalisar Dokokin Jiha, mu aika kwafi ga Hukumar Hisbah, tunda ƙorafin iyali da yawa a wajenta yake fara sauka. Barista, idan za ka tsara mana ita, Likita da Malam su duba ɓangarorinsu. Anti, ina fata za ki sa hannu, domin sunan wadda ta yi aikin ya fi namu nauyi a wajensu.

Antin Marayu, Tarauni

Zan sa hannu, amma da sharaɗi. A rubuta a sakin layi na farko cewa a ɗauki ƙarin jami'an walwala, a horar da su yadda ake yi wa yaro tambaya ba tare da an sa masa magana a baki ba, a ba su abin hawa da kuɗin mai, a kuma ware kuɗin hoton ƙashi da gwajin jini, domin iyayen da muke magana a kansu yawancinsu ba za su iya biyan likita na biyu ba. Ummu Hafsa ma a sa ta cikin masu dubawa, ta tabbatar ba a manta da 'yan riƙo da 'yan aiki ba. Barista, idan ka gama daftarin ka turo mini kafin Juma'a, akwai tsofaffin abokan aikina da nake so su gani.